Shawara ga Mai Neman Likitan Damuwar Iyali

Tun da masifar 'yan bindiga ta ɗaiɗaita ƙauyukan Isa da Sabon Birni, har wasu suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi, an ga yaron da ba ya yarda uwarsa ta gusa ko zuwa rijiya, an ga kuma magidancin da ya kuɓuta daga daji, ya dawo ba ya haɗa ido da iyalinsa. Wannan rauni ne na zuciya, kuma yana da magani.

Idan damuwar iyali saɓani ne kawai tsakanin ma'aurata, a fara kai shi ga waliyyai da limamin gari, domin shari'a ta tanadi a tsayar da mai sulhu daga dangin kowane ɓangare. Amma idan al'amarin ya kai ga rashin barci, da firgita, ko mai jego ta kasa ɗaukar jaririnta, to, mutumin yankin ya je Babban Asibitin Isa ya nemi takardar turawa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya ce yana son ganin masanin halayyar ɗan'adam. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta wajabta kiyaye sirrin majinyaci, mace kuma tana iya roƙon a haɗa ta da likita mace.

A ganina, alamar ƙwararre ita ce ya saurara fiye da yadda yake magana, ya girmama addininku, ya sanya ranar komawa. Wanda ya ambaci mari ko bulala, a tashi a bar wurinsa.