Dillali Ba Ya Shiga Garke

Ɗana, na duba manhajar da kake yi wa kawunka don rubuta cinikin shanu. Madalla, tana aiki. Da muna samari a Meiganga, wanda ya iya kunna kwamfuta ma kallon malami ake yi masa, yau ga ka kana rubuta Laravel a kwamfutar aro. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai, kuma ba faɗa ba ne.

Ka san kasuwar shanu ta Ngaoui. Mai saye ya zo, dillali ya tarbe shi, ya ji abin da yake nema, ya je wurin mai dabba ya tambayo, ya dawo da amsa. Ba shi ke kiwo ba, ba shi ya san haihuwar kowace saniya ba. To, aikin kwantarola ke nan. Buƙata ta shigo daga burawza, ya karɓa, ya tambayi model, ya miƙa wa shafi abin da zai nuna. Model shi ne mai garke: shi ya san rumbun bayanai, shi ke riƙe da ƙa'idojin ciniki. Wannan rabon aiki ya girme ka nesa ba kusa ba, domin wani ɗan ƙasar Norway, Trygve Reenskaug, ya tsara shi a Xerox PARC tun 1979, kafin a san shafukan intanet.

Kowane gida da yadda dillalinsa yake sallama. A CodeIgniter, wanda da shi na fara cin abinci, sai ka kira model da sunansa ka loda shi, sannan ka yi magana da shi. A Symfony, wanda Fabien Potencier ya fitar a Faransa a 2005, kana faɗin ma'ajin da kake buƙata ne kawai, tsarin ya kawo maka shi har hannu. Laravel ɗinka kuwa, na Taylor Otwell tun 2011, ya sauƙaƙa abin har yana shagwaɓa yara: idan lambar saniya tana cikin adireshin shafi, Eloquent, wato tsarin model na Laravel, zai nemo ta ya ba kwantarola, in babu ita ya mayar da 404 da kansa.

Kai kuma ka bar duk wannan, ka zauna cikin kwantarola kana rubuta SQL da hannu, kana liƙa abin da mutum ya buga a fom kai tsaye cikin tambayar. Ranar da ɗan iska ya buga umarni a gurbin suna, littafin kawunka gaba ɗaya zai kwashe. Na kuma ga lissafin la'ada a wuri uku. Wannan ni ma ya taɓa cizona. Na yi wa wani ɗan kasuwa aiki a nan Garwa, ya canza kuɗin la'ada, na gyara wuri biyu na manta na uku. Wata guda rasit yana faɗin wani abu, rahoto yana faɗin wani, har aka fara zargin yaron shago da sata. Yaron bai ɗauki ko dala ba. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Da lissafin yana cikin model, wuri ɗaya zan taɓa.

Sai shafin jerin shanu. Ka ɗauko shanu 200, sannan kowace saniya ka koma rumbu ka tambayo mai ita: tambaya 201 ke nan. Ka ce wa Eloquent ya taho da masu su tun farko, abin ya koma tambaya biyu. A kwamfutarka ba za ka ga bambanci ba, amma bari garken ya ƙaru, kawunka yana tsaye a rana, mai saye yana jira, shafi yana ta juyi.

Kada ka rushe komai. Ka fara da la'ada, ka mayar da ita model, ka gwada da cinikin makon jiya ka ga ko lissafi ya yi daidai da na littafi. Sauran mu duba tare in ka biyo jirgin ƙasa ya sauke ka Ngaoundéré, ka hau mota ka ƙaraso Garwa. Ka gaida mini mahaifiyarka.