Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Ɗana, na karanta takardar neman aikin koyarwa da ka kawo mini jiya bayan la'asar. Rubutunka ya yi tsabta, Allah Ya yi maka albarka. Wuri ɗaya kawai na ɗora yatsa: can sama, inda ka ambaci shugaban makarantar, ka rubuta "The Principle". Wanda kake nufi "The Principal" ne. Kada ka ji kunya. Tun ina koyarwa nake ja wa wannan kuskure layi da jan biro, har a littattafan yara masu ƙoƙari.

Kunne ba ya raba kalmomin nan, domin furucinsu ɗaya ne, kuma tushensu ɗaya ne a Latin, daga kalmar da ke nufin na farko. Ido ne ke raba su, a haruffa biyu na ƙarshe.

"Principal" shi ne babba, wanda ke gaba. Shi ne firinsifal na sakandare. A banki kuma ita ce uwar kuɗi, wadda ake lissafa kuɗin ruwa a kanta. Tana iya zama sifa, kamar in za ka ce babban dalili. "Principle" kuwa suna ce kullum, ba ta taɓa zama mutum. Ita ce ƙa'ida ko aƙidar da mutum ya tsaya a kai, kamar malamin da ya ƙi karɓar na goro don ya ƙara wa ɗalibi maki.

Ai ka san irin wannan a harshenmu. Ɗan lanƙwasa ne kawai tsakanin baki da baƙi, ko tsakanin kafa da ƙafa, amma ka ga nisan ma'anarsu. Wanda zai karanta takardarka bai taɓa ganinka ba, da harafin nan zai fara auna ka. Ka sake rubuta ta a natse, ka duba ƙamus kafin ka sa hannu.

In Allah Ya yarda, wata rana kai ma za a kira ka firinsifal. Wannan kujera ce, ranar ritaya za ka miƙa makullin ofis ka fito. Ɗayar kalmar ita za ka dawo da ita gida, ita kuma ɗalibanka za su tuna in an ambaci sunanka. Ka riƙe ta tun daga ranar da ka fara ɗaukar alli.

Allah Ya ba ka sa'a.