Yadda Ake Gano Barasa a Cikin Man Fetur

A watan Fabrairun 1922 babu wanda zai damu da abin da ke cikin man mota a birnin Zazzau, domin doki da jaki ne abin hawa. Amma shekara 100 bayan nan, a Fabrairun 2022, tambayar ta shiga kowane gida. A watan ne hukumar NMDPRA ta sanar cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin mitanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa, layukan mai suka miƙe a manyan biranen ƙasar nan. Shugaban kamfanin NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya bayyana cewa daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam aka ɗauko man, kuma gwajin da aka saba yi masa bai haɗa da neman mitanol ba. Mai babur da ke sauke fasinja a Ƙofar Doka, da mai janareto a Ƙofar Gayan, ba su da hanyar sanin abin da aka zuba musu da ido. Sai dai ɗalibin sakandare yana iya gano rabin amsar da ruwa da silindar awo kawai.

Mitanol da itanol 'yan gida ɗaya ne, wato dangin barasa. Itanol aikin wata ƙaramar halitta ce, yisti, wadda ke sa ƙullun waina da burodi su kumbura. Idan yisti ya sami sukari inda babu isasshiyar iska, sai ya farfasa kowace ƙwayar gulukos ta zama ƙwaya 2 ta itanol da ƙwaya 2 ta iskar kabon-dayoksaid. Saboda haka rake da masara da dawa da rogo, waɗanda duk ake nomawa a ƙasar Zazzau, suna iya zama man mota. Ƙasar Barazil ta kama wannan hanya tun 1975 da rakenta, a 2025 kuma ta kai kason itanol a fetur ɗinta zuwa 30 cikin 100. A Amurka yawancin fetur yana da kashi 10, wanda ake kira E10. Nijeriya ma ta fitar da tsarinta na man tsirrai a 2007, da burin kai wa ga E10.

To, me ya sa mai injin zai damu da yawansa? Dalili na farko iska ce. Domin fetur ya ƙone sarai, kowane giram 1 yana bukatar giram 14.7 na iska. Itanol kuwa giram 9 ya ishe shi, domin yana ɗauke da oksijin a jikinsa. Injin da aka saita wa fetur zalla, in aka ba shi mai da barasa da yawa, iska za ta rinjayi mai, ya riƙa shiɗewa yana yin zafi. Motocin zamani suna da kwamfuta mai gyara wannan zuwa wani mataki, amma babur da janareto masu kafireta ba su da wannan gata. Haka kuma ƙarfin da ke cikin litar itanol bai kai na fetur ba, ya gaza da kusan kashi 1 cikin 3, don haka mai yakan ƙare da wuri.

Abin mamaki, masu motocin tsere a Amurka da Turai nemansa suke yi da gangan. Itanol ba ya saurin fashewa kafin lokaci idan an matse shi a cikin silindar injin, kuma yana sanyaya iskar da ke shiga, don haka ana iya ƙara wa injin matsi a sami ƙarin gudu. Matsalarsu ita ce man da ake kira E85 sunansa ne kawai 85: a Amurka doka ta yarda ya kasance tsakanin kashi 51 zuwa 83, gwargwadon yanayin sanyi ko zafi. Wanda ya saita injinsa a kan 80 ya sha mai 55, yana iya rasa fistin a gudu ɗaya. Shi ya sa suke yawo da 'yar kwalbar gwaji a mota.

Gwajin nasu shi ne wanda za a iya yi a ɗakin kimiyya na Kwalejin Alhudahuda ko Barewa. A sami silindar gilashi mai ɗaukar mililita 100, mai murfi. A zuba ruwa mililita 10, a ɗiga masa kalar abinci domin ya fito fili. Sannan a cika da fetur har layin 100, wato mililita 90 ke nan. A toshe, a girgiza na minti 1, a ɗan sassauta murfin iska ta fita, a ajiye na minti 10. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa. Idan yana nan a layin 10, babu barasar a zo a gani. Idan ya hau zuwa 19, ya janyo mililita 9 daga cikin 90, kashi 10 cikin 100 ke nan.

Sirrin yana cikin ƙirar ƙwayar itanol. Gefenta ɗaya kabon ne da haidirojin irin na fetur, ɗayan kuma yana da oksijin da haidirojin irin na ruwa. Muddin babu ruwa, tana zaune lafiya cikin fetur. Da ruwa ya zo, sai ta bi shi. Malami ya lura cewa sakamakon yakan ɗan gaza gaskiya, domin ruwa da itanol in sun haɗu suna ɗan tsukewa. In kuma ana zaton barasar tana da yawa, gara a zuba 50 da 50, a karanta abin da ya rage na fetur a sama.

Wannan rabuwa ita ce ke faruwa a tankin janareton da aka ajiye cikin marka. Itanol yana zuƙar laimar iska har ya rabu da fetur ya kwanta a gindin tanki, daidai inda bututu ke jan mai. Daga nan sai tsatsa, sai injin ya ƙi tashi.

An ce rabin amsa, domin gwajin ba ya bambanta itanol da mitanol. Dukansu ruwa suke bi. Bambancewa sai ɗakin bincike mai na'urori, inda ake la'akari da abubuwa kamar zafin tafasa: mitanol digiri 65, itanol 78. Kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Mitanol ya fi cin roba da alminiyom, ga shi guba: hanta tana mayar da shi fomaldihaid, sannan asid ɗin fomik, wanda ke lalata jijiyar gani har ya makantar. Masu bumburutu da ke zuƙo mai da baki ta tiyo su ne suka fi kusa da wannan haɗari.

Ba a yin gwajin kusa da wuta ko fitilar Bunsen, ba a yin sa sai tagogi suna buɗe kuma malami yana tsaye. Abin da ya rage a silinda ba a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya. A juye shi a kwalba mai murfi, a rubuta mata suna.