Darasin Kasuwa: Wa Ke Biyan Kuɗin Rufe Iyaka?

Jama'a 'yan kasuwa, masu awo da dillalan kara, darasinmu na wanga mako a kan takunkumi ne, watau ƙasa ta kulle ƙofa ta hana ciniki da maƙwabciyarta don ta hore ta. Ba sai mun tafi nesa neman misali ba. Ran 26 ga Yuli 2023 soja sunka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai. Ran 30 ga watan ƙungiyar ECOWAS ta zauna Abuja ta yanke a rufe iyaka da Nijar, a tsai da ciniki da aiken kuɗi ta banki. Nijeriya ta kulle Illela da Kamba da Jibiya da Maigatari, ta kuma yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda ta kai kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar.

Wani zai ce, to ina ruwan Gummi da Anka da Bukkuyum, tun da ba mu bakin iyaka? Da ruwanmu ƙwarai. Dawa da masara da anka auna a ƙasar Zamfara ba duka ake ci nan ba. Ɗan Sakkwato ya saya ya kai Illela, Ba'adare ya karɓa ya ƙetara da ita Birnin Ƙonni. Ran da na ƙarshe ya daina saye, na tsakiya zai rage, na farko kuwa, watau manominmu, shi za a taya wa buhu da arha. Haka kayan da ke gangarowa: shanu da raguna da raƙuma, wake, albasa 'yar Galmi, ayar Maraɗi, dabino, kanwa. In sunka tsaya can, mahauci da mai kiwon ragon layya nan su za su ji a aljihu. Balle da ɓarayin daji sunka rage mana garke, dabbar Nijar ita ta riƙa cike gurbi.

Mu kuma mun san ɗanɗanon kulle. A Satumba 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako ta hana safarar dabbobi saboda tsaro. Kowa ya tuna yadda ɗan dako da mai tuwon kasuwa da yaron mota sunka zauna hannu sake. To rufe iyaka shi ne wannan, sai dai a kan layi mai tsawon kilomita wajen 1,500, da jihohi 7, daga Kebbi har Borno.

Ga inda muke so a natsu. Rufe iyaka ba ya kashe ciniki, tsada yake ƙara masa. Mu yi lissafi. Tirela guda tana ɗaukar buhu 300. In anka hana ta wucewa, kayan sai su bi daji bisa babur, buhu biyu biyu. Sawu 150 ke nan maimakon sawu guda. Kowane sawu da mansa, da ladan ɗan kabu-kabu, da na goro ga duk wanda ya tare hanya. Wanga kuɗi duka a kan buhu za a ɗora shi, mai saye ya biya. Kwastan ba ta karɓi ko kwabo ba, baitulmali bai ƙaru ba, mai fasa-ƙwauri kaɗai ya yi ƙiba. Albasa kuwa ba ta jiran a gama shawara a Abuja. Mota ta yi kwanaki tsaye cikin rana, kaya sun ruɓe, jari ya tafi. Kuma hanyar dajin da anka koya wa buhun masara, bindiga ma ta iya bin ta.

Amma a yi adalci, ba duk tsadar 2023 ce ta iyaka ba. Cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu da faɗuwar naira daga Yuni sun riga ta. Takunkumi ƙari ne a kan jakin da kaya sunka riga sunka yi wa yawa.

Dattawa sun ga irin wannan. A Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki lokacin canjin kuɗi, ya zo daidai da fari, har mutanen Nijar sunka sa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Ba a buɗe ba sai Maris 1986, zamanin Janar Babangida. An sāke rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, shinkafar waje ba ta daina shigowa ba, kuɗinta dai ya hau.

Na 2023 fa, me ya saya mana? An yi shi don a mai da Bazoum kan kujera, bai koma ba. Janar Yakubu Gowon, wanda da shi anka kafa ECOWAS a 1975, ya rubuta wasiƙa a Fabrairu 2024 yana roƙon a janye. Ran 24 ga watan anka janye, ran 13 ga Maris Shugaba Tinubu ya ba da umurni a buɗe iyaka.

Sai dai mai saye in ya koyi wata hanya, komo da shi aiki ne. Cikin watannin nan Nijar ta karkata kayanta ta tashar jirgin ruwa ta Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar soja. A Oktoba 2024 ita ma ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso. Ran 29 ga Janairu 2025 ƙasashen uku sunka fita ECOWAS baki ɗaya, ko da yake ƙungiyar ta ce a ranar a ci gaba da barin mutane da kaya suna wucewa kafin a daidaita. Saboda haka duk mai niyyar lodi zuwa Ƙonni ko Maraɗi, ya fara tambayar dillalinsa na can abin da dokarsu ta yarda ya fito da shi, kafin ya zuba kuɗinsa a sefa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba canjin sefa da naira da yadda yake taɓa kuɗin sa a kara.