Darasin Lafiya: Me Ke Sa Dattijo Mai Shan Maganin Hawan Jini Ya Suma?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi iyayenmu da kakanninmu masu shan maganin hawan jini. A wajen aikinmu na fassara a ofishin kariya muna yawan jin iyalai suna cewa, "Baba ya tashi zai fita sai kawai ya yanke jiki ya faɗi," ko "Inna ta suma a layin karɓar abinci." Wasu kan ce iska ce, wasu su ce tsufa ne, wasu kuma su ɗora laifin a kan magani su daina bayarwa. Sau da yawa dalilin abu ne da ake iya ganowa a gyara. Mu ba likitoci ba ne. Bayani muka tattaro domin kowane gida ya san abin lura da kuma lokacin garzayawa asibiti.

Yadda suma take faruwa

Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini ko na ɗan lokaci. Idan jinin da ke hawa kai ya ragu na 'yan daƙiƙoƙi, sai mutum ya ji jiri, idonsa ya yi duhu, gumi ya keto masa, ya faɗi. Da ya kwanta a ƙasa jini yakan koma kai, shi ya sa mai suma yakan farfaɗo cikin minti ɗaya ko biyu.

A wajen awo ana samun lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Idan awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko fiye, shi ne hawan jini. Aikin magani shi ne ya sauko da wannan lamba domin kare mutum daga shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da na ƙoda. Amma idan wani abu ya haɗu da maganin, jinin na iya sauka fiye da yadda ake so. Jikin yaro yakan gyara wannan nan take. Jikin tsoho kuwa yana ɗaukar lokaci, kuma a wannan ɗan tsakanin ne ake faɗuwa.

Dalilan da suka fi yawa

Na ɗaya, tashi da sauri. Idan mutum ya miƙe daga kwance ko daga zaune, jini yakan taru a ƙafafu. Ma'aikatan lafiya suna gane wannan ta hanyar auna mutum a kwance sannan a tsaye. Idan lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti uku da miƙewa, to an gano matsalar. A nan yawancinmu a tabarma muke kwana, kuma masanmu na tsugunno ne, don haka tashin ya fi wuya. Lokacin da ya fi haɗari shi ne tsakar dare da asuba, sa'ad da dattijo ya zabura daga barci ya nufi masai cikin duhu. Wasu mazan ma ana cikin fitsari a tsaye suke suma.

Na biyu, ƙarancin ruwa a jiki. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki yakan haura 40 a ma'auni. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar matashi, wasu kuma da gangan suke rage shan ruwa don gudun zuwa masai mai nisa. Gudawa, amai da zazzaɓi duk suna ƙarar da ruwan jiki. Akwai kuma magungunan da aikinsu shi ne fitar da ruwa ta fitsari, irin waɗanda aka rubuta hydrochlorothiazide ko furosemide a jikin kwalinsu. Wanda ke shan irinsu ko captopril ko lisinopril, in gudawa ta kama shi, a kai shi asibiti a ranar, domin ma'aikacin lafiya ne zai faɗa ko za a ɗan dakatar da maganin.

Na uku, doguwar tsayuwa. Layin rabon abinci, layin famfo da layin rajista duk suna tsayar da mutum a rana. Haka ma doguwar tsayuwar sallar dare.

Na huɗu, bayan cin abinci. Idan tsoho ya cika cikinsa da tuwo ko shinkafa, jini yakan karkata zuwa ciki. Cikin awa biyu bayan cin, yana iya jin jiri in ya miƙe. Mai azumi ya kula da wannan a lokacin buɗe baki.

Na biyar, maganin ya yi wa jikin yawa. Da yawa cikin iyayenmu an rubuta musu magani tun a gida, lokacin suna da jiki da wadataccen abinci. Gudun hijira ya ramar da su, amma har yanzu adadin da suke sha bai canza ba. Wata matsalar kuma ita ce shan magani ɗaya sau biyu. Ƙwayar amlodipine da aka saya a gida na iya zama fara, wadda aka ba da a nan kuma ta zo a wani kwali dabam, sai dattijo ya ɗauka magani biyu ne ya haɗa su. Akwai kuma mantuwa: ya sha da safe, ya manta, ya sake sha.

Na shida, haɗa magunguna. Maganin wahalar fitsari na tsofaffin maza, maganin barci, da ƙwayoyin ƙarfin maza da ake tallarsu a kasuwa duk suna iya ƙara saukar da jini. Zoɓo ma yana ɗan saukar da shi. Wanda ke shan jiƙe-jiƙe ko wani haɗi na gargajiya ya faɗa wa ma'aikacin lafiya ba tare da jin kunya ba.

Dalilan da suka fi haɗari

Ba kowace suma ce daga saukar jini kawai ba. Zuciya na iya yin bugu a hankali ƙwarai ko ba bisa tsari ba. Magani irin atenolol yana rage gudun bugun zuciya, kuma a wajen wasu tsofaffi yakan rage fiye da kima. Sumar da ta fito daga zuciya takan zo ba gargaɗi, har mutum yana zaune ko yana kwance, ko kuma yana cikin aikin ƙarfi.

Mai ciwon sukari da ya sha glibenclamide ko ya yi allurar insulin bai ci abinci ba, sukarinsa na iya faɗuwa. Zai yi gumi, ya yi rawar jiki, ya ruɗe. Ƙarancin jini ma yana kawo suma, ko daga zazzaɓin cizon sauro ko daga gyambon ciki mai zubar da jini. Masu yawan shan diclofenac ko ibuprofen saboda ciwon gaɓɓai su lura: bayan gida baƙi ƙirin alama ce ta zubar jini a ciki.

Abin yi idan mutum ya suma

A kwantar da shi rigingine a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa a kan buhu ko kujera. A sassauta masa tufafi, jama'a su ja baya ya sha iska. A duba ko yana numfashi. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu yana sume, domin zai iya shaƙewa. Kada a turara masa hayaƙi, kada kuma a tashe shi zaune da ƙarfi. In ya yi amai, a juya shi ya kwanta a gefe. In ya farfaɗo, ya ci gaba da kwanciya na ɗan lokaci, sannan ya zauna, sannan a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Mai ciwon sukari kuwa, da zarar ya iya haɗiya a ba shi ruwan sukari.

A garzaya asibiti ba jira, ko da dare ne, idan:
bai farfaɗo ba bayan minti biyu;
yana ciwon ƙirji ko numfashi na yi masa wuya;
bakinsa ya karkace, hannu ko ƙafa ya mutu, ko maganarsa ta sarƙe;
ya bugu a ka, ko ya kasa taka ƙafa bayan faɗuwar;
ya suma yana zaune ko yana kwance;
ya daɗe yana fizge-fizge, ko ya farka bai san inda yake ba;
ya yi aman jini ko baƙin bayan gida.

Ko da babu ɗaya daga cikin waɗannan, duk dattijon da ya suma a kai shi awo a ranar.

Abin da za a tafi da shi asibiti

A tattara duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kasuwa da na gargajiya, tare da katinsa. Wanda ya ga faɗuwar ya raka shi, domin za a tambaya: me yake yi lokacin, ƙarfe nawa ya sha magani, ya ci abinci, minti nawa ya yi a sume. A roƙi a auna shi a kwance da kuma a tsaye. Wanda ba ya jin harshen ma'aikacin ya nemi tafinta, kada ya gyaɗa kai a kan abin da bai fahimta ba.

Kada a daina magani da ka. Hawan jini ba ya ciwo, amma yana shanye jiki, kuma yanke atenolol farat ɗaya na iya tayar da zuciya. Rage ƙwaya, canza ta ko sauya lokacin shanta aikin ma'aikacin lafiya ne. Kada kuma a ari maganin maƙwabci don naka ya ƙare.

Rigakafi a gida

Dattijo ya saba tashi a mataki uku: ya zauna a shimfiɗa kamar minti ɗaya yana motsa ƙafafu, ya miƙe yana dafe da sanda ko wani, ya ɗan tsaya kafin ya taka. A ajiye masa ruwa da tocila kusa da kai, a kuma tanadi wanda zai raka shi masai da dare. Ya riƙa shan ruwa a kai a kai, sai dai in likita ya ƙayyade masa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Ya ci abinci kaɗan-kaɗan, ya huta bayan ci. Mutum ɗaya a gida ya ɗauki nauyin ba shi magani, yana yin alama a takarda kullum. Addini ya sauƙaƙa wa marar lafiya yin salla a zaune. Kafin azumi kuma, a je a tambayi yadda za a tsara shan magani.

Idan a gidanku ko a maƙwabtanku akwai dattijo da ke zaune shi kaɗai, ko wanda ba ya iya tsayuwar layi, ku zo ofishin kariya ku sanar da mu, mu duba yadda za a sauƙaƙa masa karɓar rabonsa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa iyayensa wannan darasi. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya mai da mu gidajenmu cikin aminci.