Mai Koyon Jaz, Tura Kiɗanka a Gyara Maka

Jaz kiɗa ne da ake koyo a bakin juna. A farkon shekarun 1940, a gidan rawa na Minton's da ke unguwar Harlem a New York, su Thelonious Monk da Dizzy Gillespie kan raba dare suna gwada hannu, har salon bibop ya kankama. Yau intanet ce dandalin. Don haka wanda ya ɗora kiɗansa a YouTube kada ya tsaya ƙirga masu yabo. Ya tura wa wanda ya fi shi kunne da tambaya takamaimai: a ina na kauce wa kari, a ina numfashina ya yanke?

Wani zai ce jinkirin intanet na hana mutum biyu yin kiɗa tare. Gaskiya ne, ko da yake manhajoji irin su Jamulus sun rage matsalar. Amma gyara ba sai an haɗu ba, kuma sautin da aka naɗa ana iya saurarensa sau goma. In kai aka turo wa, saurara har ƙarshe, sannan ka faɗa masa daƙiƙar da ta burge ka kafin ka nuna kuskurensa.