Duba Gida Kafin Ka Saya

Mai sayen akuya ya kan buɗe bakinta ya duba haƙora. To, gida ya fi akuya tsada nesa, kuma ba a mai da shi kasuwa in an ga aibu. Saboda haka kada ka ba da kuɗi sai an duba maka shi.

Nemi magini naka na kanka, ka biya shi ladan yininsa. Kada ka dogara ga wanda dillali ya kawo, gama dillali la'adarsa ya ke jira. In da hali ku je da damina, kashegarin ruwa mai yawa. Da rani kowane gida kyakkyawa ne.

Magini zai fara da gindin bango, don nan ne ruwa ya ke cin ƙasa. In ya ga wurin ya zaizaye, ko ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa, laima ce ta ke hawa daga ƙasa. Sa'an nan zai bi bangon yana ƙwanƙwasawa da sanda. Inda ya ji amo kamar na ganga, yaɓe ya rabu da tubali, ko kuwa gara ta yi gida a ciki. 'Yar tsaga siririya ba kome, laka ta kan toshe ta. Amma tsagar da ta taso daga ƙasa a karkace, tana ƙara faɗi zuwa sama, ita ce abin tsoro, watau tushen ginin ne ya ke nutsewa. Sabon yaɓe a wuri guda kuma, ka tambayi abin da aka rufe da shi. In ginin na bulo ne, a karce shi da ƙusa. Wanda ya zubo kamar gari, yashi ya fi siminti yawa a cikinsa.

A cikin soro magini zai ɗaga kai ya dubi azara. Azarar giginya tana jimrin gara, amma in yoyo ya daɗe a kanta ta kan ruɓe daga bakin da ya shiga bango. Zai hau bisa ya ga ko ruwa yana kwanciya, ko indararo ya toshe. Ɗakin kwano kuwa, a rufe ƙofa da rana. Duk inda haske ya shigo, nan ruwa zai shigo.

Kai kuma ka auna tsakanin rijiya da masai. Malaman lafiya sun ce kada ya gaza ƙafa 100, kuma kada masai ya kasance a tudu rijiya a gangare. Tambayi maƙwabta ina ruwan unguwa ya ke bi in kududdufi ya cika.

Akwai abu guda da magini ba ya iya gani da sanda: gidan na wane ne? In na gado ne, tilas dukan magada su yarda, har mata. Je wurin mai unguwa ya nuna maka iyaka a gaban maƙwabta. A rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu. Kada ka dangwala yatsa sai ka karanta ta da kanka, tun daga sunan mai gida har yawan kuɗin.